Kafin Ka Raka Baba Nesto Gida

Utaiƙa, Riyad.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya raba ka da sharrin hanya da na masauki.

Na san za ka yi mamaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga ni ina rubuto maka wasiƙa kamar kana bayan teku. To, ka san bakin ubanka. Magana takan taso mini har maƙogwaro, da na ɗaga ido na gan ka sai ta koma ciki. Ka karanta a hankali, inda Hausar ta yi maka nauyi ka maimaita, don ba zan iya faɗin wannan da Larabci ba.

Tun ranar da ka durƙusa a gabana ka ce kana so ka raka Baba Nesto ƙasarsu Ajantina, ka zauna can ka ƙarasa koyon aikin dawaki a gonar ɗan 'yar'uwarsa, kake jiran amsata. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Jirgi jibi ne. Shekaranjiya na ji ka ta taga kana waya, kana cewa, “Wallahi in Babana bai sa albarka ba, tikitin ya ƙone, ba inda za ni.” Ka ga ke nan shiruna ya ɗaure mutum biyu: kai, da tsohon da rabin jikinsa ya shanye, wanda ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa, balle ya ratsa duniya shi kaɗai. Zan ba ka amsa a takardar nan. Amma ka bari in fara gaya maka su wane ne mutanen nan, don kai tasowa ka yi ka gan su, ba ka san yadda suka zo ba, ba ka kuma san irin zaman da na yi da su ba.

Na zo garin nan ina saurayi, da lasisin tuƙi da iƙama, wato takardar zama, a ƙarƙashin wani mai dawakin sukuwa. Lokacin filin sukuwa yana cikin unguwar Malaz, daidai inda yanzu ake kai yara lambu su kalli ruwa yana tashi da fitilu. Aikina jigilar ciyawa da sha'ir, ranar sukuwa kuma in ɗauki dawaki. A bargar na tarar da wasu mutane masu wani yare mai sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na ce Turawa ne. Wani Basudane ya yi mini dariya, ya ce, “Ina Turawa a nan? 'Yan Latin ne, talakawa irinka.” Haka kuwa abin yake. Mahayan yawanci daga Panama suka zo, 'yan ƙanana, mutum ba zai kai maka kafaɗa ba, wasunsu baƙaƙe wuluk kamar mu. Akwai 'yan Chile, akwai likitocin dabbobi daga Ajantina, daga can kuma Nesto ya fito, shi ne mai gyaran kofato da sa wa dawaki takalmi. Kowa ya bar uwa ko mata a gida, kowa yana jiran ƙarshen wata ya aika.

Ba wai Larabawa ba su san doki ba, Allah ya kiyaye, doki nasu ne tun kaka da kakanni. Amma gudun zagaye da agogo wata sana'a ce daban, kuma a bargarmu mutanen nan ne suka kawo ta. Ranar da na fara ganin ɗan Panama ya ɗage likkafa sama, ya tsuguna a wuyan doki kamar kwaɗo, ko sirdi bai taɓa ba, na ce wannan yau sai asibiti. Sai ga shi ya wuce kowa. Su suka koya wa yaran barga naɗe ƙafar doki yadda ba za ta kumbura ba, da tsoma ta a ƙanƙara bayan gudu, da sauraron cikin doki in ya ƙi cin abinci. Yaran garin nan da ka ga suna hawa yanzu ana tafa musu, da yawansu a hannun 'yan Latin suka koyi zama. Wasu sun koma gida da abin hannunsu. Wasu kuwa da karaya suka koma, akwai wanda ni na kai shi filin jirgi a keken guragu. Da aka mayar da sukuwa bayan gari, aka share wurin aka shuka furanni. Na shiga lambun nan ba sau ɗaya ba, na zauna inda nake zaton bargarmu take, ban ga ko alama ɗaya da ta nuna sun taɓa zama a wurin ba.

Kuskurena na farko, na daɗe ina zaune kusa da su ban zauna da su ba. Suna da wani ganye mai ɗaci da suke kira mate, a shagunan 'yan Sham suke samunsa. Ɗan ƙoƙo ɗaya, bututun ƙarfe ɗaya, a zuba ruwan zafi, wannan ya zuƙa ya miƙa a sake zubawa, a ba na gaba. Bayan an gama fitar da dawaki da safe sai su zauna a kan damin ciyawa ana zagayawa da shi. Nesto ya kira ni, “Ya Haruna, ta'al, zo ka sha.” Na zo don kunya. Da ƙoƙon ya iso kaina, na kama bakin rigata na goge bututun, na sake gogewa, kowa na kallo. Na zuƙa, ɗacin ya kai mini har ƙeya, na tashi. Daga ranar na koma cin abincina a cikin mota, gilashi a rufe, ina hango su suna dariya. Ni a raina tsoron Allah nake yi. Sai da na tambayi wani ɗalibi ɗan Sakkwato da ke karatun fiƙihu a nan, ya ce, “Malam Haruna, ganye ne da ruwa, ina haramcin yake?” Babu haramci, Abba, ƙyama ce kawai na lulluɓe da rigar addini, kuma ni ta cinye. Shekarun da na fi kowa kewa a garin nan su ne waɗannan, ga kuwa mutane a gabana suna kira na.

Don haka in ka je, abin da Allah ya haramta ka bar shi, kada ka ji nauyin kowa. Giya da naman alade suna nan a teburinsu, ka ce ba ka ci, da fara'a, sau ɗaya ya isa. Ka tambayi yadda aka yanka nama, in ba ka natsu ba ga kifi, ga ƙwai. Amma kada ka ƙirƙiro wa kanka haramcin da babu shi don kawai abu baƙo ne a idonka. In an miƙo maka ƙoƙo ka karɓa da hannu biyu. Baƙon da ya ƙi zama a inda ake zama, ba wanda zai kore shi, sai dai a daina kiransa.

Na biyu ya fi wannan muni. Mai gida ya yi mini alfarma ya kawo mahaifiyarka, muka kama ɗakin nan kusa da kasuwar kayan gwari, aka haife ka. Ba ka gama firamare ba Allah ya karɓi abarsa. Ranar zaman makoki mutanenmu sun cika tsakar gidan nan, direbobi da 'yan gini da ɗalibai. Sai ga Nesto da mutum uku cikin mutanensa, sun sa fararen riguna, sun ɗauko tukunyar nama da shinkafa. Abin da ya fara zo mini a rai, Allah ya yafe mini, shi ne me za a ce. Za a ce Haruna ya rasa abokai sai Nasara. Na tare su a bakin ƙofa, na karɓi tukunyar, na yi godiya, ban ce su shigo ba. Suka zauna a kan dakalin waje cikin rana har la'asar. Kashegari suka dawo da wata tukunyar, suka zauna a wurin, haka rana ta uku. Wani dattijo cikin masu ta'aziyya ya tambaye ni su wane ne, na ce, “'Yan wurin aiki ne.” Iyakar abin da na ce ke nan.

Mutanen da na ji kunyarsu a ranar, ina suke yau? Wannan kwangilarsa ta ƙare, wancan an kama shi ba takarda, wancan ya gama karatu ya koma. Ba laifinsu ba ne, haka zaman garin nan yake, kowa da jakarsa a bakin ƙofa. Wanda ya rage shi ne wanda na bari a rana. Da makaranta ta tashi ba ni da inda zan ajiye ka, shi ya ce, “Kawo shi barga, mafi mushkila, ba damuwa.” A gindin maƙerarsa ka yi aikin gida, shi ya ɗinke maka jakar makaranta da zaren sirdi. Bai taɓa tuna mini da dakalin nan ba, ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Ka kiyaye wannan, Abba. Duk wanda ya tsaya maka ranar wuya, ka faɗi sunansa a gaban mutane, ko shi wane ne. Can ma za ka samu Musulmi, kaɗan ne amma akwai, ka neme su ka riƙe su. Sai dai in sun zo wurinka sun tarar da tsohon nan a kujera, kada ka ce ɗan wurin aiki ne. Ka ce shi ya raine ka.

Na uku kuwa tsakanina da kai ne. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. A Malumfashi inda na tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kowa a garin ya san kunya ce, ɗan ma ya sani, don yana da kawunnai da gwaggwanni da kakanni masu ɗaukarsa a madadin uban. Ni sai na kwaso al'adar na kawo ta Riyad, na manta ban kwaso dangin ba. Uwarka ce kaɗai ke fassara maka ni, da ta tafi kuma ba mai fassara.

Ka tuna ranar da goɗiyar nan ja ta harbe ka a hannu? Ina ɗaure igiya a bayan mota na ji ƙararka. Kafin in iso Nesto ya sungume ka, yana kuka wiwi kamar mace, yana sumbatar kanka, yana surutai da yarensu. Ni na tsaya, hannuwa a baya, na kalli gefe na ce, “Sannu. Ba komai, namiji ne.” Wallahi da ƙyar na tuƙa motar zuwa asibiti. Amma abin da ka gani shi ne ubanka ya kalli gefe. A dawowa, kana barci a kujerar baya da hannu a ɗaure, Nesto ya ce da ni da gurgun Larabcinsa, “Haruna, kana son yaron nan?” Na ce wannan wace irin tambaya ce. Ya ce, “Ni na sani. Shi bai sani ba.” Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina me wannan ya sani game da tarbiyya. Na kunna rediyo har muka iso.

Haka ranar da ka fara sa wa doki takalmi kai kaɗai. Ya ɗaga ƙafar dokin yana nuna wa duk wanda ya wuce, yana ihu, “Ku zo ku ga aikin ɗana!” Ɗana, in ji shi. Ni ina kan mota ina sauke ciyawa, na ga aikin sarai, ya yi kyau, ƙusoshin sun jeru kamar haƙora. Da muka dawo gida abin da na ce maka shi ne ka wanke hannu ka ɗora shinkafa. Ba zan ce maka kunya banza ce ba, da ita aka raine ni kuma ban lalace ba. Amma al'ada tana da ƙasarta. In Allah ya ba ka ɗa a inda ba ka da dangi, ka zama kai ne uban, kai ne kawun, kai ne kakan. Ka ɗauke shi, ka yabe shi yana ji.

Yanzu maganar salla. Kai ba ka taɓa wayar gari ba ka ji kiran salla ba. A garin nan ko ba ka so, masallatai za su tashe ka. Can za ka farka ka ji tsit, sai kukan shanu. Ranar Juma'a za ta zo ta wuce kamar Talata. Azumi zai kama, kowa na cin abincinsa, ba wanda zai ce maka sannu da ƙishirwa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ai na taɓa ganin wanda ya yi irin wannan zaman. Nesto ya tsufa a garin nan bai ji ƙararrawar cocinsu ba. Duk ranar Lahadi, ana tsakiyar aiki, yakan ajiye guduma ya je ƙarshen barga, ya cire hula, ya tsaya shi kaɗai yana motsa baki, sannan ya dawo. Ba wanda ya tuna masa, ba wanda ya raka shi. In kuwa aka kira salla shi ke fara kashe waƙarsu, ya ce da yara, “Yalla, salla, zan riƙe dokin.” Addininsa daban, namu daban, Allah shi ne mai shiryarwa. Amma in shi ya iya riƙe nasa shi kaɗai tsawon wannan zamani, kai ba ka da uzuri. Ka san alƙibla tun ranar da ka sauka. In lokaci ya yi ka kira salla da bakinka, ko dawaki ne kaɗai za su ji.

Ka kula da shi a hanya. Ba ya son a ga gazawarsa, zai ce ba ya jin fitsari don kada ya wahalar da kai, kada ka yarda. Maganinsa ya zauna a aljihunka, ba a jakar da za a auna ba. In kun isa, kada ka zaci murna zalla zai yi. Mutumin da ya bar gida da baƙin gashi ya koma da fari, zai tarar da garin ya sauya, abokansa suna maƙabarta, yara ba su san shi ba. Zai nemi wanda zai ce wa “khalas” da “inshallah” ya gane, kai kaɗai ne. Ka zauna da shi ku yi hirar Malaz ko da ka gaji da jin ta. Ranar da Allah ya ɗauki ransa kuma, ka tsaya har mutanensa su rufe shi ta hanyarsu, kada ka zauna a waje.

To, ga dalilin shiruna, tun da na ɗauko faɗin gaskiya. Na ce wa kaina addininka nake tsoro, kuma akwai wannan. Na ce wa kaina na fi so ka tafi Malumfashi, tun da shekarunka sun wuce zama a kan iƙamata, ka yi aure can in same ka in ƙarfina ya ƙare. Akwai wannan ma, ko da yake na san baƙo za ka zama a can, su yi ta dariyar Hausarka. Amma babban dalilin kishi ne, Abba. Tsoho da ni, da furfura, ina kishin gurgu. Na ga an ba ka zaɓi tsakanin uba biyu ka ɗauki wancan. Na kwana ina juya wannan a raina har na gaji, sai na tambayi kaina, to in ba ka raka shi ba fa? In ka bar mutumin da ya raine ka ya hau jirgi shi kaɗai da rabin jiki, ɗan wa za a ce kai ne? Abin da na kasa yi masa a bakin ƙofata kai ne za ka yi masa, kuma ba ni na koya maka ba.

Na yarda. Ka tafi. Allah ya yi maka albarka, albarkar da ba ta yankewa, duniya da lahira. Ban taɓa yin baƙin ciki da kai ba ko na yini ɗaya. Ina alfahari da kai, ina son ka, tun ranar da aka miƙo mini kai a zane na ƙi karɓa don surukata tana kan waya tana ji. Ni zan kai ku filin jirgi, na riga na nemi izini wurin mai gida.

Na san hatimin fita ta ƙarshe za a buga maka a fasfo, garin da aka haife ka ba zai sake buɗe maka ƙofa ba sai a matsayin baƙo. Don haka kada ka ɗaura wa kanka cewa dole ka dawo saboda ni. In ƙasar ta karɓe ka, ka samu sana'a da mutunci da inda za ka yi sallarka, ka zauna. Ni ina nan kusa da kabarin mahaifiyarka har ranar da mai gida zai ce na tsufa da tuƙi, daga nan kuma Allah ya san inda zai ajiye ni.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka kira ni, kada ka yi mini Larabci. Ka yi mini Hausar nan taka mai karyayyen baki, ba zan gyara maka ko kalma ɗaya ba. Daga jibi, ba sauran wanda zan ce wa ina kwana a gidan nan.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare maka imaninka. Allah ya ba Baba Nesto sauƙi, ya saka masa da alheri a kan abin da ya yi mana. Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Na ba Allah ajiyarka, shi da ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna